Waƙar Safiya don Holger da Ragnhild

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mun bar Kopenhagen a jirgin ruwa. Ban ga fitar ba, don ɗakina ba shi da taga. A inda ya kamata taga ta kasance sun rataya labule, na ɗaga shi na tarar da bango. Ina hawa na huɗu, sauran suna na tara, inda ake da baranda. Ni na zaɓi haka.

Mu biyar ne. Holger da matarsa Ragnhild, waɗanda saboda su aka yi tafiyar. Bodil, da ƙanenta Preben wanda ya haura saba'in amma har yau take yi masa faɗa kan rigar sanyi. Sai ni da sandata.

Ran ɗaya ga Nuwamba Holger da Ragnhild za su cika shekara hamsin da aure, kuma ranar za ta same mu a tsakiyar teku. A gida da an san yadda za a yi. A kafa musu ƙofar ganye a bakin gida suna barci, da safe a taru ƙarƙashin taga da masu busa ƙaho a tashe su da waƙa, su yi kamar ba su sani ba, su buɗe su ce a shigo a sha kofi. A nan ba taga, ba masu ƙaho, ba daji.

Waƙar dai tawa ce. Tun ina jera haruffa a maɗaba'a a Lemvig ni ke rubuta waƙoƙin bukukuwanmu, in buga su in raba. Ba don in ga Madeira na zo ba. Na zo ne in tsaya a ƙofar Holger ƙarfe bakwai na safe in rera masa waƙarsa.

Baiti biyu na rubuta a gida. Saura biyar.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Preben ya kira ni ɗakinsa, ya kulle ƙofa, ya jawo babban akwati daga ƙarƙashin gado. Da ya buɗe sai ɗakin ya cika da ƙamshin daji. Rassan gran ne, itacen nan na Kirsimeti, cike da akwatin, kore shar, ya saro su daga shingen gidansa ran Juma'a ya naɗe su da jiƙaƙƙen tawul.

Na ce, "Preben, tufafinka fa?"

"Wando biyu ya ishi mutum, Malam Haruffa. Ko kana so a yi wa Kyaftin Holger bikin zinariya da ƙofar banza?"

Bodil tana tsaye a bakin banɗaki ta harɗe hannu. Ta ce, "Na gaya wa wawan nan kwana goma sha biyar ne, kuma ƙasar zafi za mu. Ya ce zai riƙa yayyafa musu ruwa kamar jarirai."

"Za su kai."

"Kai ma da ƙyar za ka kai."

Na yi dariya har sai da na zauna. Na manta rabon da in yi dariya a gaban mutane. A gida nakan yi kwana huɗu ban yi magana da kowa ba sai mai kawo abinci.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

An yi atisayen rigar ceto. Holger ya ji daɗinsa ƙwarai. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa jirgin fito tsakanin gaɓarmu da tsibiri, tafiyar minti goma sha biyu, bai taɓa fita babban teku ba, kullum yana cewa wata rana. Yau ya bi layi yana gyara wa mutane igiyoyin rigunansu. Wata Bajamushiya ta yi masa godiya, ta ɗauka ma'aikaci ne. Ragnhild ta bar shi har ya gama layin, sannan ta kama hannunsa.

Ya tambaye ni ko an ɗaure motoci da kyau a ƙasa. Na ce an ɗaure.

Teku lafiya.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Abincin safe a nan abin kunya ne don yawansa. Kifi iri huɗu, cuku iri shida, burodi har da mai baƙi irin namu. Na ci fiye da abin da nake ci a kwana uku a gida. Akwai wata kujera a bayan jirgi, hawa na bakwai, inda iska ba ta kaiwa, kuma akwai bargo a cikin kwando. Na zauna awa biyu ina kallon farar hanyar da jirgi ke bari a baya. Ban ji ƙafata ba ko kaɗan.

Baiti na uku ya fito, kan hunturun da ruwa ya daskare Holger ya tafi tsibiri a ƙafa da jakar wasiƙu, ni ina bayansa ina zaginsa.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ba za mu tsaya a A Coruña ba. An sanar ta lasifika, wai iska. Bodil ta sayi sabon takalmi musamman don garin, tana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ita. Jirgi yana tangaɗi, an sa jakunkunan takarda a kan matakala. Ba na iya tafiya da sanda a haka, sai na zauna a ɗaki da labulena.

Tunda ba abin yi, bari in rubuta dalilin da na ce zan rubuta.

Matata Asta ta rasu muna da shekara arba'in da ɗaya da aure. Shekara biyu da suka wuce, ran da da mun cika hamsin, ban gaya wa kowa ba. Na yi niyyar in wuni a gado. Ƙarfe bakwai na safe na ji wani yana waƙa a ƙarƙashin tagata cikin ruwan sama, da muryar da ta fi kowace muni a Lemvig. Holger ne shi kaɗai, da ledar burodi mai zafi a hannu. Ya rera baiti huɗu bai tsallake ko ɗaya ba. Da na buɗe taga ya ce, "To, tsoho, za ka ce in shigo ko sai na mutu a nan?"

Lokacin ya fara ajiye makulli a cikin firji. Amma ranar bai manta ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Teku ya kwanta. Baiti huɗu.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Lisbon.

An samu Holger. Lafiyarsa lau.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je karin kumallo ba. Ba yunwa.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Benci ne kawai a inuwa, a gefen wani fili. Matan sun shiga kanti, Preben ya tafi neman banɗaki. Ragnhild ta ce, "Ejvind, minti goma, ka zauna da shi." Na zauna da shi. Yana kallon tantabaru. Sai wata kalma ta zo mini da ta dace da ƙarshen baiti na biyar, na ciro littafi.

Da na ɗaga kai, babu Holger. Ban san minti nawa ne ba. Ban ɗauka sun kai biyar ba.

Awa biyu da minti arba'in. A bakin kogi aka same shi, wurin jiragen fito, yana tsaye yana kallon yadda suke ɗaure igiya. Ya ce wa ɗan sandan ba haka ake ɗaurewa ba.

Ragnhild ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta kalli littafin da ke hannuna, ta kalle ni, ta shiga tasi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Madeira. Kyakkyawa ce kamar yadda aka ce. Gidaje sun hau dutse har cikin gajimare, furanni a kan kowace katanga. Daga kujerata na gan ta. Bodil ta ce in zo mu hau motar yawon gari, na ce ƙafa. Ƙafar ma gaskiya ce.

Bayan abincin rana Ragnhild ta zo ta same ni a bayan jirgi. Ba ta zauna ba.

"Na san abin da ke akwatin Preben," ta ce. "Duk layinmu warin Kirsimeti yake. Kuma na san abin da kake rubutawa. Ba za a yi ba."

Na ce, "Ragnhild, in saboda Lisbon ne..."

"Ba saboda Lisbon ba ne. Safiya ce ta fi masa wuya. Ka taɓa ganinsa ƙarfe bakwai na safe? Ba ka taɓa ba. Ni ke ganinsa. In ya buɗe ƙofa ya ga mutane suna ihu da ganye a hannu, ni za a bari da shi har dare."

"Mu uku ne kawai."

"Ejvind, don Allah. Ku bar ranar ta wuce kamar kowace rana. Za mu ci abinci, a ɗaga kofi, shi ke nan."

Ta gyara mini bargo a gwiwa kafin ta tafi. Ban san me ya sa ta yi haka ba.

Teku lafiya.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ban rubuta komai ba.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Tenerife. Zafi. Na sauka na taka ƙasa don kada a ce ban taka ba, na sayi katin gaisuwa, na dawo. Da na zauna in rubuta sai na rasa wanda zan aika wa. Na sa shi a cikin littafin nan.

Preben ya nuna mini akwatin. Da ya ɗaga reshe ɗaya sai ganyen ya zubo kamar an juye buhun allurai. Ƙasan akwatin ya cika, gadonsa ya cika, har cikin safarsa. Matar da ke gyara ɗakin ta kama shi yana yayyafa ruwa da kofin goge baki. Ta gaya masa a hankali cewa an hana liƙa komai ko rataya komai a ƙofofin ɗakuna, saboda gobara. Ko katin suna ba a yarda ba.

"To, ka ji," in ji Bodil. "Ka ɗauko itacen hura wuta daga Lemvig zuwa bakin Afirka, ka bar wandunanka a gida."

"Na ƙasa suna da sauran kore."

"Kai ma na ƙasanka da sauran kore?"

Preben ya ci gaba da ware masu sauran ganye gefe guda. Ban gaya musu abin da Ragnhild ta ce ba sai da ya gama. Ya zauna a bakin gado da reshe a hannu.

Bodil ce ta faɗa mini maganar goma ga Nuwamba. An samar wa Holger ɗaki a gidan kula da tsofaffin nan da ke gefen daji, bayan asibiti. Tun watan Agusta Ragnhild ta sa hannu. Kowa ya sani sai ni.

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce, "An gaya maka sau biyu, Ejvind. Ka canza magana."

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na zauna da Holger a bayan jirgi, Ragnhild tana kujera ta uku tana karatu, ko tana yi kamar tana karatu. Wasu manyan kifaye suka bi jirgi suna tsalle, ya tashi ya kama ƙarfe yana nuna mini su yana dariya kamar yaro. Ya kira ni da sunana sau biyu. Ya tuna kwale-kwalen da muka saya tare muka rasa wanda zai yi masa fenti.

Can kuma ya juyo ya ce, "Ka yi haƙuri, malam, wannan kujerar da mutum ne?"

Na ce ba kowa. Ya zauna.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na ba Bodil waƙar ta karanta, tunda ba za a rera ba. Ta sa tabarau ta karanta baiti biyar ɗin a tsaye. Ta miƙo mini.

"Kyakkyawa ce. Yaushe kuka yi auren?"

"Wane aure?"

"Kai da Holger. Ga ku a kan ƙanƙara, ga ku a kwale-kwale, ga ku kun bugu a bikin Preben. Na duba sau biyu, ban ga Ragnhild ba sai a layi ɗaya, tana dafa muku kofi."

Na ce ai al'ada ce a tsokani miji.

"Al'ada ce a yi wa mutum biyu waƙa, tsohon banza. Shekara hamsin matar nan ta yi, uku na ƙarshe ba ta yi barcin awa biyar a jere ba. Ka ɗauka don Holger kaɗai take tsoron safiyar nan? In ya buɗe ƙofa ya ji ana waƙar aure ya juyo ya tambaye ta wa ke aure fa? A gabanmu?"

Ta dafa kafaɗata da ƙarfi har ta yi mini zafi, ta tafi wasan kati.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Mun juyo arewa. Na yage baiti huɗu, na bar na ƙanƙara.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Wuni guda ina rubutu a ɗakina. Bango ya fi taga amfani ga irin wannan aiki. Na tarar na san abubuwa da yawa game da Ragnhild da ban san na sani ba. Yadda take tsayawa a bakin gaɓa da fitila in hazo ya sauka. Yadda ta riƙa zuwa gidana kullum tsawon wata biyu bayan rasuwar Asta, ba ta taɓa tambayata yaya nake ji ba, sai dai ta buɗe firji ta duba. Duk waɗannan a gabana aka yi su, ina kallon Holger.

Baiti biyar. Ba za su kai bakwai ba, kuma ba komai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara hamsin da biyar na rubuta waƙoƙin biki. Na nuna wa mai biki waƙarta kafin ranar.

Holger yana barcin rana, Preben yana zaune da shi. Na same ta a ɗakin shan shayi. Na ajiye takardar a gabanta na ce, "Ba roƙo na zo yi ba. Taki ce, ko an rera ko ba a rera ba. Kuma ban ba ki haƙuri kan Lisbon ba. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ni ma na taɓa ɓatar da shi a kantin Struer. Zauna, kana tangaɗi."

Ta karanta a hankali, da yatsa a kan layi, kamar tana duba aikin ɗalibai. A baiti na biyu ta tsaya ta karanta da ƙarfi:

"Sau dubu ya kai jama'a ƙetare,
ita ce gaɓar da yake komowa."

Ta cire tabarau. "Gaɓa? Shekara ashirin da takwas ina koyar da lissafi, na haifi biyu, na binne ɗaya, ka mai da ni tudun ƙasa da ake ɗaure wa jirgi?"

"Na ɗauka yabo ne."

"Ku maza kullum haka kuke ɗauka. Kuma ba fitila ba ce, tocila ce, kuma ba jiransa nake ba, abincinsa na kai masa don ya manta." Ta ci gaba da karatu. A baiti na huɗu, wanda na yi kan yadda ta koyi tuƙin mota tana da shekara saba'in da biyu, ta ajiye takardar ta kalli teku.

"Sau uku na faɗi jarrabawar," ta ce. "Ka sa wannan. A san ba a banza na samu ba."

Na ciro alƙalami.

"Ƙarfe bakwai da rabi, ba bakwai ba. Sai ya sha magani ya sa riga. Ku uku kawai. Kada ku ƙwanƙwasa, ku fara a hankali. In na ce ku daina, ku daina ko a tsakiyar kalma ne."

Na ce to.

"Kuma ka cire gaɓar nan."

Ban cire ba. Na dai ƙara layi a bayanta cewa gaɓar ta iya lissafi.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

A ofishin baƙi sun buga mini kwafi biyar. Haruffan ba su da kyau, kuma sun matse layuka. Na karɓa na yi godiya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na tashi ƙarfe biyar don sa kwat yana ɗaukata lokaci yanzu. Bakwai da kwata muna tsaye a ƙofarsu. Tunda an hana rataya komai, Preben ya ɗaure rassan da suka rage gida biyu da igiyar takalmi, Bodil ta soka musu furannin da ta kwaso daga teburin cin abinci. Shi ya tsaya a dama, ita a hagu, suka ɗaga hannuwa suka haɗa rassan a saman ƙofa. Rabinsu tsirara ne. Duk motsin jirgi sai ganye ya zubo a kan kafet.

"Ɗaga naka, ya karkace."

"Hannuna ne ya gaji, Yaya."

"Ba a fara ba ma."

Bakwai da rabi na ɗaga takarda na fara. Muryata ta fito siririya, ban gane ta ba. Bodil ta shigo a layi na biyu, Preben a na uku. Wata ƙofa ta buɗe a can gaba, wasu mata da miji daga Aalborg da muke gaisawa a lif suka leƙo cikin rigunan barci. Da suka ji karin waƙar suka ga rassan, ba su tambayi komai ba. Suka zo suka tsaya a bayana suna karanta takardata ta saman kafaɗa, suna rerawa ƙasa-ƙasa.

A baiti na uku ƙofar ta buɗe.

Holger ne, da farar riga, gashi a taje. Ya kalli rassan, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Na ga hannunsa ya kama ƙofar da ƙarfi. Ragnhild tana bayansa, ta ɗaga yatsa ɗaya, na shirya tsayawa. Sai ya juya ya dube ta, ya ce, "Ragnhild, mu ake yi wa?"

Ta ce, "Mu ake yi wa."

"Nawa?"

"Hamsin."

"Kai!" Ya kama hannunta ya jawo ta gaba, ƙarƙashin rassan, ya tsaya a miƙe kamar za a ɗauki hoto. Ta sauke yatsan. Muka rera har ƙarshe. Wurin jarrabawar tuƙi ya yi dariya da ƙarfi, ita kuma ta sa bayan hannu a baki. Ganye yana ta zuba a kan gashinsu.

Da muka gama ya buɗe ƙofar gaba ɗaya ya ce, "To, me kuke jira? Ku shigo, akwai kofi." Akwai kuwa. Ta sa an kawo kofi da burodi na mutum biyar tun bakwai, sai aka raba wa bakwai. Aka zauna a kan gado da bakin baranda. Preben ya kasa sauke hannunsa na ɗan lokaci.

Holger ya zo ya zauna kusa da ni da takardar a hannu.

"Kai ka jagoranci waƙar?"

"Ni ne."

"Muryarka ba ta da ƙarfi, amma ba ka yi kuskure ba. Wanda ya rubuta wannan ya san matata sosai. Yaya sunanka?"

"Ejvind."

"A'a! Ina da aboki Ejvind. Ya fi ka tsayi, ya kuma fi ka surutu. Shi ke yin irin waɗannan waƙoƙin." Ya duba ɗakin, ya duba baranda. "Ban san me ya hana shi zuwa ba."

Bodil ta buɗe baki, Ragnhild ta taɓa mata gwiwa.

Na ce, "Ƙafa ce ke damunsa. Shi ya rubuta, ya aiko ni."

"Na sani! Na ce ai hannunsa ne." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun riga. "Ka ce masa na ji, ta yi kyau. Amma ka ce masa ya daina aike. Shi kaɗai yake zaune a gidan nan, ba kyau. Ya zo da kansa."

Na ce zan faɗa masa.

Ya zuba mini kofi har ya cika ya zubo a faranti.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Matar da ke gyara ɗakuna ta share ganyen layin duka. Preben ya je ya ba ta haƙuri, ta ce a garinsu ma ana yi wa tsofaffin ma'aurata waƙa, amma ba da itace ba.

Na yi barcin awa uku.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Sanyi ya dawo, an kwashe barguna daga bayan jirgi. Ruwan sama. Bodil tana lissafa garuruwan da aka yi mana alkawari da waɗanda muka gani. Preben ya ce bai taɓa tafiya da akwati mara nauyi haka ba.

Ba ni da abin rubutawa yanzu, sai na zauna da su.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Kopenhagen. Holger ya tsaya a bakin matakala yana yi wa masu sauka sallama ɗaya bayan ɗaya, har aka roƙe shi ya matsa.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Gida. Ragnhild ta bugo waya. Ta ce ita ta tuƙa ta kai Holger. Ta ce ɗakin yana kallon itatuwa. Ba mu daɗe ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana

Bas yana tashi ɗaya da minti goma daga bakin kasuwa, yana tsayawa a bayan asibiti. Daga nan taku ɗari biyu ne, in ji Bodil, kuma akwai benci a tsakiya. Ana ziyara daga biyu zuwa biyar.

Na goge takalmi. Zan je da kaina.